Haihuwar Yesu Daga Budurwa: Me Take Nufi A Gare Mu?

Karatunmu na yau: Matiyu 1:18-25 da Luka 1:26-38.

 Mu da muke zaune a Zagga, da Illo, da Kaoje, da sauran garuruwan ƙasar Bagudo har zuwa iyakar Benin, yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Idan zancen haihuwar Yesu ya taso, ba sa musu cewa budurwa ce ta haife shi, domin labarin yana cikin Alƙur'ani, a Suratu Maryam. Tambayar da sukan yi mana ita ce: Allah ya halicci Adamu ba uwa ba uba, to, don me kuke ce da Yesu Ɗan Allah? Tambaya ce mai kyau, ya kamata kowane mai bi ya san amsarta.

Bari mu fara da abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa. Luka ya gaya mana cewa Allah ya aiki mala'ika Jibra'ilu zuwa Nazarat wurin Maryamu, wadda aka yi wa baiko da Yusufu. Maryamu ta yi mamaki, gama ba ta san namiji ba. Mala'ikan ya bayyana mata cewa wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Matiyu kuwa ya nuna mana cewa da haka aka cika annabcin da ke cikin Ishaya 7:14, wanda aka yi a zamanin sarki Ahaz, fiye da shekara 700 kafin haihuwar. Sunan da annabin ya ba yaron shi ne Immanuwel, wato Allah tare da mu.

Da farko, mu kawar da wata rashin fahimta. Ba mu gaskata cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta mutane ba. Allah ya tsare! Ikilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba.

Na biyu, ga bambancin Adamu da Yesu. Adamu bai kasance ba sai ranar da aka halicce shi daga ƙasa. Amma Yohanna 1:1-14 ya koya mana cewa Kalman Allah yana nan tun fil'azal, daga baya ya ɗauki jiki. Saboda haka ba haihuwar ce ta mai da Yesu Ɗan Allah ba. Shi Ɗa ne tun kafin duniya, haihuwa daga budurwa kuwa ita ce ƙofar da ya shigo cikinmu.

Na uku, Yesu mutum ne na gaske. Ya kwana cikin mahaifa, an goya shi, ya ji yunwa da gajiya. Ibraniyawa 4:15 ya ce an gwada shi kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Da shi mutum ne kawai, da bai iya cetonmu ba, gama wanda ke nitsewa a Kwara ba ya iya tsamo ɗan'uwansa. Da bai zama mutum ba, da bai iya mutuwa a madadinmu ba. Shi ya sa shugabannin ikilisiya suka sa haihuwar nan cikin shaidar bangaskiya a taron Kustantiniya a shekara ta 381, a taron Kalsidon kuma a 451 suka tabbatar cewa Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah, cikakken mutum.

Akwai kuma darasi daga Maryamu da Yusufu. Bisa ga Maimaitawar Shari'a sura 22, budurwar da aka yi wa baiko ta kwana da wani, hukuncinta jifa ne. Duk da haka Maryamu ta miƙa kanta ga nufin Allah, Yusufu kuma ya ɗauke ta, bai ji tsoron bakin mutane ba. Mu ma, idan an tambaye mu game da Ubangijinmu a kasuwa ko a gona, kada mu ji kunya, kada kuma mu yi faɗa. Mu amsa da tawali'u da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ya umarce mu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode domin Ɗanka wanda ya zama ɗan'uwanmu. Ka ba mu bangaskiya irin ta Maryamu, da biyayya irin ta Yusufu, cikin sunan Yesu. Amin.