Shirin Musamman: A Zuba a Tsame, Ko Kada a Zuba Tun Farko?

Yau za mu leƙa wurin masu haɗa babbar manhajar kwamfuta, waɗanda ke ɗaukar tsari irin Debian ko Fedora su gyara shi daidai da buƙatarsu, su fitar da kwafi ɗaya da za a zuba a na'urori masu yawa. Ta haka aka gina Kali Linux da Tails a kan Debian.

Babban ciwon kansu shi ne ƙunshin manhajojin da ba a so. Kowane ƙunshi na cin wuri, yana buƙatar sabuntawa, kuma wata ƙofa ce da ɓarayin intanet za su iya ƙwanƙwasawa. To, ya za a rabu da shi?

Wasu sukan zuba komai, daga baya su bi suna tsamewa. Hanyar tana da sauƙi a ido, amma a nan ake yawan tuntuɓe, domin ƙunshin manhaja a ɗaure suke da juna kamar azarar rufin soro: ka zare ɗaya, ba ka san me zai rufto ba. A Debian akwai ƙunshin da ba shi da komai a ciki sai jerin sunayen wasu. Cire abu ɗaya daga jerin, sai shi ma ya tafi. Daga nan APT, mai kula da shigarwa da cirewa, zai iya ɗauka sauran ba mai buƙatarsu, ya sa su a layin shara.

A 2021 duniya ta ga irin wannan haɗari. Linus Sebastian, ɗan Kanada mai bidiyon fasaha a YouTube, ya je shigar da manhajar Steam a tsarin Pop!_OS. APT ya gargaɗe shi cewa zai cire ginshiƙan tsarin, ya nemi ya rubuta jimlar amincewa da hannunsa. Ya rubuta, fuskar kwamfutar ta tafi gaba ɗaya. Bayan haka aka gyara APT, ya daina yarda da irin wannan cirewa cikin sauƙi.

Shi ya sa nake ganin kada ma a zuba tun farko. A Fedora, fayil ɗin Kickstart na ba ka damar sa alamar debewa a gaban sunan ƙunshi, sai a tsallake shi. A Debian kuwa, ana farawa da ɗan ƙaramin tushe ta debootstrap, a hana APT jawo ƙunshin shawara, waɗanda yakan shigar kai tsaye alhali ba dole ba ne. Wanda kuma ba a so ko kusa, a ba shi maki ƙasa da sifili a APT, ba zai shigo ba. Idan wani abu na matuƙar buƙatarsa, ginin zai tsaya nan take, ka ga matsalar a teburinka tun kafin ta kai ga jama'a.

Masu aiki da Docker ma su lura: abin da aka goge a mataki na gaba yana nan kwance a matakin baya, girman kwafin bai ragu ba.

Idan kuwa cirewar ta zama dole, ku rubuta ta cikin fayil ɗin ginin tare da dalilinta, ku kuma kwatanta jerin ƙunshin sabon kwafi da na tsoho kafin ku raba wa kowa.