Ramin Fulogi Da Abincin Talakan Kudancin Kano

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa, ya san cewa babur ne jakin wannan zamani. Shi ke kai masara kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. To amma, mai karatu, akwai wata 'yar matsala da na ga tana kwantar da baburan nan, wadda mu ma'abota ofis ba mu ma san da ita ba: lalacewar ramin fulogi.

Kan injin babur da alminiyom ake yin sa, shi kuwa fulogi ƙarfe ne mai tauri. Idan aka murɗa fulogin a karkace, ko aka kwance shi injin na da zafi, ko yaron shago ya ɗaure shi da ƙarfin tuwo, sai haƙoran da ke cikin ramin su cinye. Daga nan iska ta riƙa zurarewa, injin ya rasa ƙarfi, wani lokacin ma ya tofo fulogin waje ana tsakiyar daji.

Abin takaici shi ne dabarun da ake yi a bakin titi. Wani ya naɗa wa fulogin siririyar waya, wani ya shafa gam. Duk kwana biyu ne, zafi zai warware su. In abin ya faskara, sai a ce wa mai babur ya sayi sabon kai, alhali ramin nan faɗinsa bai wuce milimita 10 ko 12 ba.

Gyaran gaskiya sananne ne. Ana ɗan faɗaɗa ramin, a yanka sabbin haƙora, sannan a zura wata murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ake kira Helicoil, fulogi ya koma mazauninsa daram. Gwani yakan cire kan gaba ɗaya, ko ya shafa giris a jikin abin yankan don kada ɓurɓushi ya faɗa cikin silinda ya karce ta.

A ganina, Kwalejin Fasaha ta Bagauda da ke Bebeji za ta iya koya wa makanikan Kiru da Doguwa wannan aiki cikin mako guda, ƙananan hukumomin huɗu kuma su saya wa ƙungiyoyinsu kayan aikin. Akwatin bai kai girman faranti ba.