Tantance littafin ilimi: Nauyin da ke kan marubuci da mai bita da mawallafi

A watan Disamban 2002 Jami'ar Columbia da ke Amurka ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara bayar da lambar yabo ta Bancroft ga fitattun littattafan tarihi. Ta ƙwace lambar daga hannun Farfesa Michael Bellesiles na Jami'ar Emory, ta kuma nemi ya mayar da Dala 4,000 da aka haɗa masa da ita. Har yau ana kawo wannan lamari a matsayin misali duk lokacin da ake tattauna amana a harkar wallafa littattafan ilimi.

Me ya faru?

A shekarar 2000 ne kamfanin wallafa na Knopf ya fitar da littafin mai suna Arming America. A cikinsa marubucin ya yi da'awar cewa bindiga ba ta yawaita a hannun Amurkawa ba kafin yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865. Babbar hujjarsa ita ce takardun rabon gado, inda ake lissafa kayan da mamaci ya bari. Ya ce a cikin takardun wasu yankuna da ya bincika na tsakanin 1765 da 1790, kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai suka ambaci bindiga.

Littafin ya faɗo ne a tsakiyar zazzafar muhawarar da Amurkawa ke yi kan 'yancin mallakar makami. Masu son a taƙaita mallakar bindiga suka yi maraba da shi, manyan masana suka yabe shi a jaridu, a 2001 kuma ya lashe lambar Bancroft.

Ba a jima ba tambayoyi suka fara fitowa. Clayton Cramer, masanin kwamfuta mai sha'awar tarihi, ya bi diddigin wasu majiyoyin littafin, ya tarar abin da suka ƙunsa ya sha bamban da abin da aka jingina musu. Farfesa James Lindgren na Jami'ar Northwestern ya sake ƙirga irin waɗannan takardun gado, ya samu bindigogi sun ninka adadin da littafin ya faɗa. Aka kuma gano cewa takardun birnin San Francisco da marubucin ya ce ya yi amfani da su sun ƙone tun a girgizar ƙasa da gobarar 1906. Da aka nemi ya fito da bayanan da ya tattara, sai ya ce ruwan da ya malale ginin ofishinsa ya lalata su.

Jami'ar Emory ta kafa kwamitin masana uku daga wasu jami'o'i. Rahotonsu da ya fito a watan Oktoban 2002 ya nuna shakku mai ƙarfi kan gaskiyar alƙaluman. Bellesiles ya ajiye aiki, ko da yake ya ci gaba da musanta cewa ya ƙirƙiri wani abu, yana mai cewa kurakurai ne a wani ɗan ɓangare na littafin. A farkon 2003 Knopf ya daina buga shi.

Yaya ake tantance littafi?

A madaba'un jami'o'i, rubutu kan fara isa ga edita, wanda zai duba ko ya dace da fannin da madaba'ar ke bugawa. Idan ya gamsu, sai ya aika da shi ga masana biyu ko fiye da suka ƙware a fannin, galibi ba tare da marubucin ya san ko su wane ne ba. Su za su rubuta rahoto kan ƙarfin hujja da ingancin majiyoyi da kuma sabon abin da aikin ya ƙara wa ilimi, sannan su ba da shawarar a buga, ko a gyara, ko a ƙi. Marubuci zai mayar da amsa kan rahoton, daga nan kwamitin malamai na madaba'ar ya yanke hukunci.

Wannan tsari yana da iyaka, kuma nan ne darasin yake. Mai bita yana karanta abin da aka miƙa masa ne, ba kasafai yake tattaki zuwa rumbun adana takardu ya sake ƙirga abin da marubuci ya ƙirga ba. Knopf kamfanin kasuwanci ne, kuma irin waɗannan kamfanoni ba lallai su bi tsarin madaba'un jami'a ba. To amma tushen littafin, wato maƙalar da Bellesiles ya wallafa a 1996, ta fito ne a babbar mujallar tarihi da masana ke tantancewa, har ma ta samu lambar yabo. Ke nan tsarin gaba ɗaya a kan yarda aka gina shi: masu bita suna ɗauka cewa abin da marubuci ya ce ya gani, ya gani ɗin.

Nauyin marubuci

Nauyi na farko shi ne faɗin gaskiya game da abin da bincike ya nuna, ko da ya saɓa wa ra'ayin mai binciken. Ƙirƙirar alƙaluma, da sauya su don su dace da manufa, da satar fasaha, su ne manyan laifuka uku da cibiyoyin bincike suka fi ɗauka da muhimmanci. Wajibi ne marubuci ya ambaci majiyarsa ta yadda wani zai iya komawa ya same ta, ya kuma adana bayanansa. Haka nan ya bayyana wanda ya ɗauki nauyin binciken, kada kuma ya sanya sunan wanda bai yi aiki ba don neman alfarma, ko ya cire sunan ɗalibin da ya sha wahalarsa.

Nauyin mai bita

Rubutun da aka aiko wa mai bita amana ce. Ba shi da damar nuna wa wani, balle ya tsinci ra'ayi daga ciki ya riga marubucin bugawa. Idan marubucin amininsa ne, ko ɗalibinsa, ko abokin adawarsa, ya kamata ya sanar da edita ya janye. Idan aikin ya fi ƙarfin iliminsa, ya faɗa. Jinkirta rahoto da gangan zalunci ne, domin ƙarin girman wani na iya rataya a kansa. Jarrabawa mafi wuya kuwa ita ce rubutun da ya yi daidai da ra'ayin mai bitar, domin abin da zuciya ke so ido ba ya ganin aibinsa. Masana da dama sun amince daga baya cewa hakan na cikin abin da ya sa littafin Bellesiles ya samu yabo da wuri.

Nauyin mawallafi

Edita ne ke zaɓar masu bita, don haka zai iya karkatar da hukunci tun daga nan. Aikinsa ne ya zaɓi masu adalci, ya kuma hana kuɗi ko matsin lambar masu iko shiga tsakani. A watan Agustan 2017 Madaba'ar Jami'ar Cambridge ta toshe kimanin maƙaloli 300 na mujallar China Quarterly a ƙasar Sin bisa buƙatar hukumomi, sai da masana suka yi caa sannan ta mayar da su bayan 'yan kwanaki.

Nauyin mawallafi ba ya ƙarewa ranar da littafi ya fito. Idan ƙorafi ya zo, dole a saurare shi bisa hujjar da ya ƙunsa, ko daga wa ya fito. An daɗe ana watsi da Cramer saboda ba malamin jami'a ba ne, kuma sananne ne wajen goyon bayan mallakar bindiga. Ƙungiyar COPE, wadda editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, ta tsara ƙa'idojin yadda ake binciken irin wannan ƙorafi da yadda ake gyara ko janye aikin da aka riga aka buga.

Me ya sa abin ya shafi kowa?

A Najeriya, kamar sauran ƙasashe, ƙarin girman malamin jami'a ya dogara ƙwarai kan yawan abin da ya wallafa. Wannan matsi ne ya buɗe kasuwa ga masu karɓar kuɗi su buga kowane irin rubutu, su kuma yi iƙirarin an tantance shi. Ɓarnar ba ta tsayawa a kan marubucin. Ɗalibi zai kafa hujja da littafin a kundin digirinsa, malami ya koyar da shi a aji, ɗan jarida ya yaɗa shi, mai tsara manufofin gwamnati ya dogara da shi. Janye maƙala daga intanet abu ne mai sauƙi, amma littafin da ya shiga dubban ɗakunan karatu yana nan kan kanta babu wata alamar gargaɗi a jikinsa.

Saboda haka mai karatu ma yana da nasa rabon. Ya duba wace madaba'a ce ta buga littafi, ko tana da kwamitin tantancewa, ko marubucin ya fayyace majiyoyinsa, da kuma abin da sauran masana suka rubuta a kansa bayan fitowarsa. Littafin Bellesiles ya samu yabon manya da babbar lambar girmamawa, amma waɗanda suka tona shi su ne mutanen da suka koma ga takardun suka ƙirga da kansu.