Kaka ta yi: mu duba kayan wutarmu

Damina ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Daga watan Nuwamba kuma iskar hunturu za ta taso da ƙura. Yanzu ne lokacin duba rediyo, fitilar hannu, allon sola da firiji, tun ba su lalace ba.

Laimar damina tana sa tsatsa a gidan batir na rediyo da fitila. Mu buɗe, mu goge da busasshen tsumma. Batirin da ya mutu mu cire shi, domin in ya daɗe yana zubar da ruwa mai cin ƙarfe. Ruwan nan yana ƙona fata da ido. Kada yara su yi wasa da shi, kada a yar da shi kusa da rijiya.

Ɓeraye suna bin hatsi har cikin ɗaki, suna gaigayar wayar lantarki. Wayar da ta ɓare tana tayar da gobara, balle yanzu da kara da harawa suka bushe. In mun ga haka, mu kashe wuta, mu kira mai gyara.

Ƙura tana rage ƙarfin allon sola. Kowane mako mu wanke shi da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe, kafin ya yi zafi.

Firiji kuwa yana son iska. Mu bar santimita 10 tsakaninsa da bango. Mu cire shi daga wuta kafin mu kakkaɓe ƙurar bayansa. In wuta ta ɗauke ta dawo, mu jira minti 5 kafin mu kunna.

Da wannan kulawa, kuɗin kaka ba za su ƙare wurin gyara ba.