Me Ke Kawo Cindo?

A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, akan haifi jariri da yatsa shida. Shi ne cindo. Wasu sukan ɗora wa uwa laifi. Wannan kuskure ne.

Ciki yana wajen wata ɗaya hannun jariri yake tsirowa, kamar tohon gero. Babu yatsa ko ɗaya tukuna.

Kowane mutum yana da ƙwayoyin gado daga uwa da uba. Akwai wata da masana suke kira SHH. An gano ta a 1993. Ita take sa jiki ya haɗa wani sinadari mai kai saƙo. Sinadarin yana fitowa daga gefen da ƙaramin yatsa zai tsiro. A nan yana da yawa. Can wajen babban yatsa kuwa, da ƙyar yake kaiwa, kamar ruwa a ƙarshen lambu. Da haka kowane yatsa yake samun wurinsa. Kafin wata uku yatsu sun fito.

Idan saƙon ya ɗan kauce, yatsa yana iya ƙaruwa. Abin yakan bi dangi.

Yawancin cindo tsoka ce kawai, ba ta cutarwa. Haɗarin yana wajen cirewa. Askar da ba a tafasa ba tana iya sa wa jariri ciwon sarƙe haƙora, mai kisa. A kai shi asibiti a duba. In da ƙashi a ciki, aikin likita ne, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.