Me ya sa garaya ke kuwwa a sifika? Abin da tarihin jitar lantarki zai koya wa makaɗan Zamfara

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi inda aka gayyato mai garaya ko mai gurmi, ya san yadda abin ke kasancewa. An tayar da janareto, an jera sifiku, makaɗi ya zauna ya rungumi abin kiɗansa. Wani yaro ya durƙusa ya kara masa makirfo a jikin fatar.

Da an ɗan ƙara murya, sai sifika ta saki wata ƙara mai tsinka kunne, mata su toshe kunnuwa, yara su fashe da dariya. Idan aka rage, sai kalangu da hayaniyar jama'a su haɗiye garayar. Kafin a jima mai biki ya ƙosa, ya yafito DJ ya saka waƙa daga waya.

Makaɗin da aka yi wa haka sau biyu ko uku, da wuya a sake kiran sa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan matsala ce ta addabi makaɗan jita a Amurka kusan shekara 90 da suka wuce, kuma masu ƙera ta sun kwashe fiye da shekara 20 suna neman maganinta.

Ƙasar ganga ce

Arewacin Zamfara ya yi suna ne da kiɗan fata mai amo. Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali a ƙasar Shinkafi, da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Kassu Zurmi da kalangu ya zuga 'yan tauri. Waɗannan kayan kiɗa ba sa neman taimakon lantarki kafin a ji su a bayan gari.

Kayan tsirkiya kuwa muryarsu ƙasa-ƙasa take. Garayar mafarauta, gurmi irin na Haruna Uji, kuntigin Ɗan Maraya Jos da aka yi da gwangwanin kifi, da kukuma irin ta Hassan Wayam ɗan ƙasar Maradun, duk gini ɗaya gare su: ƙoƙo ko akushi mai rami, a rufe da fata, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya. Ramin nan shi ke ba su daɗin amo, amma ƙarfinsa bai wuce zaure ko dandali ba.

Haka jita take a Amurka a shekarun 1930. Akwati ce ta katako mai rami a ciki, da tsaga biyu a fuska. A manyan ƙungiyoyin kiɗan jaz, masu busa da masu ganga sukan danne ta, mai ita ya koma ɗan rakiya.

Yadda aka yi wa jita kunne

A 1936 kamfanin Gibson da ke garin Kalamazoo a jihar Michigan ya fito da jita mai suna ES-150. An raɗa mata sunan ne daga kuɗinta, kimanin dala 150 haɗe da na'urar ƙara sauti. Gangar jikinta na nan da raminta, sai dai an dasa mata wani maɗaukin sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin mai naɗin fanka. Siririyar wayar jan ƙarfe ce aka naɗa sau dubbai a jikin ƙarfe mai maganaɗisu. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, waya ta kai ta na'ura, sifika ta mayar da ita sauti.

Wani matashi, Charlie Christian, ya shiga ƙungiyar Benny Goodman da irin wannan jita a 1939, ya nuna cewa jita ma za ta iya jan ragamar kiɗa. Har yau da sunansa ake kiran wannan maɗauki. Sai dai yana da nauyi, domin manyan maganaɗisu biyu ne ke rataye a cikin akwatin. A 1946 kamfanin ya kawo ƙarami mai suna P-90, wanda aka sa wa jitar ES-175 da ta fito a 1949.

Gurnani daban, kuwwa daban

Da murya ta samu, sai cututtuka biyu suka bayyana, kuma har yau masu sauti a bukukuwanmu kan rikita su.

Na farko shi ne gurnani. Naɗin waya guda ɗaya ba tsirkiya kawai yake ji ba, yana kwasar motsin wutar da ke wayoyin gida, fitilu da taransifoma. Wani injiniyan Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistar maganin wannan a 1955. Ya jera naɗi biyu gefe da gefe, ya sa wuta ta bi su ta fuskoki masu saɓani, ya kuma juya kan maganaɗisunsu. Gurnanin da ɗaya ya kwaso sai ɗayan ya kashe shi, amma sautin tsirkiya ya haɗu ya ƙara kauri. An fara sa wa jitoci wannan maɗauki a 1957. A daidai lokacin, Ray Butts ya yi wa kamfanin Gretsch makamancinsa.

Na biyu shi ne kuwwa, wato ainihin abin da ke kunyata mai garaya. Sautin da ya fito daga sifika yakan dawo ya bugi fuskar akwatin, ta girgiza, ta girgiza tsirkiya, maɗauki ya sake kwasa ya mayar wa sifika. Haka abin zai yi ta zagayawa yana ƙaruwa cikin ƙiftawar ido. Iya girman rami da laushin fuska, iya saurin kuwwar.

Makaɗa sun yi ta dabara. B.B. King yakan cusa tsumma a tsagar jitarsa. A 1958 Gibson ya fito da ES-335, wadda aka rage wa kauri, aka kuma ratsa tsakiyarta da gungumen katako, aka bar rami a gefe biyu kawai. Gungumen ya hana fuskar rawa fiye da kima, ramin gefe ya riƙe wani abu na tsohon amo. Daga baya, a farkon shekarun 1980, da kamfanin ya ƙera jita da sunan Lucille don B.B. King, ba a yi mata tsaga ba ko ɗaya.

Wuya: inda aka gyara, inda aka ɓata

Yayin da ake fama da sauti, wuyan jita ma yana ta canzawa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da ƙarfi, don haka a da kauri ne kawai kariya daga lanƙwasa. A farkon shekarun 1920 wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya ƙirƙiro sandar ƙarfe da ake binnewa a cikin wuyan, ana ɗaure ta ko a sassauta da noti. Ita ta buɗe ƙofar sassaƙa wuya yadda hannu ke so.

Jitocin kafin Yaƙin Duniya na Biyu, irin su ES-150, bayan wuyansu yana da tsini kamar ƙirjin kaza, ya dace da mai ɗora babban yatsa a sama yana damƙar tsirkiyoyi gaba ɗaya. A shekarun 1950 wuyan ya koma kewayayye mai kauri, yana cika tafi kamar ƙotar fartanya. A 1960 aka fefe shi ya zama siriri mai faɗi, domin makaɗa sun koma gudu da yatsu.

Sai kuma 1965, lokacin da aka rage faɗin wuyan daga kimanin milimita 43 zuwa 40. Milimita uku ba komai ba ne a ido, amma yatsu sun ji a jikinsu, tsirkiyoyi suka matsu. Daga baya kamfanin ya koma tsohon awo, kuma har gobe masu tara tsofaffin jitoci sun fi tsadanta na kafin wannan shekara. Ba kowane sauyi ne ci gaba ba, musamman wanda bai yi shawara da hannun mai kiɗa ba.

Abin da mai garaya zai ɗauka

Abu na farko, maɗauki mai maganaɗisu ƙarfe kawai yake ji. Izgar doki da ake yi wa goge, ko zaren roba irin na masunta da ake ɗaura wa garaya da gurmi a yau, ba za su motsa shi ba. Wanda ya ciro shi daga tsohuwar jita ya manna wa gurmi, ya yi asarar kuɗinsa, sai fa idan tsirkiyarsa ta ƙarfe ce.

Abin da ya dace da fata shi ne ɗan faifan nan mai kama da kwabo, irin wanda ke ƙara a cikin agogon hannu. Shi girgizar jikin abu yake mayarwa lantarki, kuma ba shi da tsada. Amma ya fi son a manna shi kusa da ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, inda fata ta fi tauri. A tsakiyar fili, inda fatar ke rawa sosai, kuwwa ta fi saurin kama shi. Yana kuma buƙatar 'yar na'urar ƙarfafa sauti mai batir a tsakaninsa da babbar na'ura, in ba haka ba muryar ta fito a bushe kamar ana buga gwangwani.

Abu na biyu, darasin gungumen 1958 da tsumman B.B. King: a rage wa rami rawa kaɗan, kada a kashe shi. Ɗan auduga ko soso a cikin ƙoƙo kan rage kuwwa. Akwai ma abin da ba ya cin ko sisi: makaɗi ya zauna a bayan sifika, kada ta fuskance shi.

Abu na uku ya shafi sanda. Sandar garaya kewayayya ce sumul, babu gaɓoɓin ƙarfen da ke wuyan jita. Wannan ne ke bai wa yatsa damar zamewa ya bi hawa da saukar muryar Hausa, har a ce garaya na magana. Ana iya sauya ɗaurin fatar da ake gyara tsirkiya da shi, wanda ke saki da damina, a sa maɗauri na ƙarfe. Amma wanda ya jera mata gaɓoɓi, ya maimaita kuskuren 1965.

Lokaci na ƙurewa

Maƙwabta sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar da ke zagaya duniya da jitar lantarki, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008.

A arewacin Zamfara kuwa fagen kiɗan tsirkiya sai ƙara ƙuntata yake. Dajin da mafarauta ke shiga, inda ake samo itace da fata, ya zama wurin tsoro. Wasan dare ya ja baya a ƙauyuka da dama. A watan Satumbar 2021 an rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Alhamis a Shinkafi, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Abin da ya rage wa makaɗi shi ne bikin cikin gari da bidiyon waya, kuma dukansu biyu suna buƙatar sauti mai kyau.

Masu iya wannan aiki ba su da nisa. Akwai masu gyaran rediyo da masu naɗin fanka a kowace kasuwa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, inda ɗaliban sashen lantarki ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Ɗalibi ɗaya da zai zauna da mai garaya, ya gwada wurare goma a jikin fatar, ya rubuta inda sauti ya fi fita ba kuwwa, zai yi wa sana'ar abin da Seth Lover ya yi wa jita. Sharaɗin kawai shi ne, kafin ya huda komai, ya bari makaɗin ya riƙe ta ya faɗi yadda ya ji.