Yadda Italiya Ta Mulki Habasha a Zamanin Mussolini

Ranar 5 ga Mayu, 1936, sojojin Italiya suka shiga Addis Ababa bayan wata bakwai ana gwabza yaƙi, har da ruwan iska mai guba daga jiragen sama. Sarki Haile Selassie ya riga ya fice, ya nufi gudun hijira a Ingila. Cin ƙasa da yaƙi abu ne guda, riƙe ta kuwa wani abu ne daban. To, da wace dabara gwamnatin Fasist ta Benito Mussolini, mai jam'iyya ɗaya da shugaba ɗaya, ta riƙe Habasha shekara biyar?

Da farko ta shafe ƙasar daga taswira. Aka haɗe Habasha da Eritiriya da Somaliya aka kira su Gabashin Afirka ta Italiya, sannan aka yanka ta bisa ƙabila: yankin Tigray ya koma Eritiriya, Ogaden ya koma Somaliya, Amhara da Harar kowanne da gwamnansa Ba'italiye. Umarni daga Rum yake saukowa. Manyan ƙasa da suka yi mubaya'a an ba su albashi da lambar girma, iko kuwa ko na cikin cokali ba a bar musu ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Italiyawa sun iske tsagar. Musulmi da Oromo sun daɗe suna kukan danniyar sarakunan Amhara Kiristoci. Sai ga baƙo yana gina masallatai, yana naɗa alƙalai, yana tallafa wa mahajjata. A 1937 ma Mussolini ya ɗaga takobi a Turabulus, wai shi ne garkuwar Musulunci. Amma wakilinsa a Addis Ababa a lokacin shi ne Rodolfo Graziani, mutumin da ya murƙushe Libiya, wanda a hannunsa aka rataye jagoran gwagwarmayar ƙasar, Umar Mukhtar, a 1931. Kyautar irin wannan mutum tsaba ce da ake watsa wa tsuntsu a bakin tarko. Cocin Habasha ma bai tsira ba: an harbe Bishop Abune Petros a 1936, an kuma yanke dangantakar cocin da uwarsa ta Iskandariya don a naɗa shugabannin da za su yi biyayya.

Inda lallashi ya gaza, sai bindiga. Ranar 19 ga Fabrairu, 1937, wasu samari biyu 'yan Eritiriya suka jefa wa Graziani gurneti a wajen wani taro. Bai mutu ba. Kwana uku aka saki 'yan baƙar riga na jam'iyya a gari, suna kisa, suna cinna wa gidaje wuta da mutane a ciki. Hukumomin Habasha sun ce mutum 30,000 aka hallaka. An bi matasa masu ilimin zamani ɗaya bayan ɗaya, don kada a bar wanda zai ja gaba. A watan Mayu aka kashe ɗaruruwan limaman gidan ibada na Debre Libanos, wasu mutanen kuma aka tura su sansanin Danane a Somaliya.

A wannan shekarar aka kafa dokar ɗauri ga duk Ba'italiyen da ya zauna da mace 'yar ƙasa zaman aure. Aka raba unguwanni, aka kori 'yan kasuwar gari daga tsakiyar birni zuwa yamma. Asalin Merkato ke nan, babbar kasuwar Addis Ababa ta yau. Masu yabon hanyoyin da Italiya ta shimfiɗa su tuna cewa don motocin soja aka yi su.

Duk da haka karkara ba ta taɓa kwantawa ba. 'Yan kishin ƙasa da ake kira Arbegnoch, irin su Ras Abebe Aregai da Belay Zeleke, sun hana 'yan mamaya barci. A 1941 rundunar Birtaniya ta shigo, cikinta har da sojojin Nijeriya da suka ratso daga Mogadishu zuwa Harar. Haile Selassie ya koma gadon sarautarsa ranar 5 ga Mayu, shekara biyar cif. Graziani kuwa ya mutu a 1955, ba a taɓa gurfanar da shi kan jinin Habasha ba.